Ranar Rabon Koren Ruwa

Ni da yayana ba ma magana sai ta saman katanga, ita ma ɗin rabinta tsaki ne. Da Baba ya rasu aka ja bulo ta tsakiyar gida, shi ya ɗauki gaba mai shago, ni na ɗauki baya mai tankuna. Ɗakin Inna ne ya rasa gwani: ƙofarsa ta faɗo ɓangarena, tagarsa ta faɗa nasa. Duk baƙar maganar da muka yaɓa wa juna, ita ce ke shanta ta kunne biyu.

Sana'ata ƙyanƙyasar tarwada, wadda na gada a wurin Baba. Mutane na ɗauka kifin ne aikin, alhali shi ne mai sauƙi. Ɗan tarwada idan ya fito daga ƙwai bakinsa bai kai kan allura ba, kuma babu abin da ke tayar da shi kamar wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa. Su kuma ƙwarin koren ruwa ne abincinsu. Koren ruwan nan gansakuka ce, amma ba mai zare-zaren da ke kayar da mutum a bakin rijiya ba. Tamu ƙwayoyi ce ɗai-ɗai waɗanda ido ba ya ganin guda, sai sun taru ruwa ya yi shar kamar an matse ganye a ciki. Baba ya ɗebo irinta tun kafin a haife ni, a wani tafki da yanzu an cike shi an yi tashar mota a kai. Ya yi ta tacewa yana rabawa har ta zama tasa. Ba ta dunƙulewa, ba ta wari, ƙwari kuma suna hayayyafa a cikinta kamar hauka. Na gwada ta wasu, na gwada ta kanti, babu wadda ta kama ƙafarta. Idan ta mutu a hannuna, babu ƙofar da zan je in ce a sam mini.

Akwai mangwaro a jikin katangar. Gindinsa na ɓangaren Yaya, babban reshensa kuma ya miƙo kan tankunana. Ba haka kawai tankunan suka sami kansu a nan ba, Baba ne ya auna inuwar ya gina su a ƙarƙashinta, inda rana ke saukowa ɗis-ɗis ta tsakanin ganye.

Yaya ƙanƙara yake sayarwa. Ya jera firiza a shago, ya kafa farantan sola a kan ƙarafa a tsakar gidansa dab da katanga. Rassan da ke ɓangarensa tuni ya aske su tas, bishiyar ta koma kamar mai shanyayyen hannu. Saura nawa, wanda da safe inuwarsa kan tsallaka ta kwanta a kan farantansa. Wannan ita ce rigimarmu ta ɗaya. Ta biyu rariya ce. Rarar ruwan tankunana ta ramin ƙasan katanga take bi, ta ratsa ƙarƙashin farantansa ta fita titi. Haka Baba ya shimfiɗa ta tun gidan yana ɗaya. Matar Yaya ta taɓa zamewa a kanta da kwanon wanki, kuma har yau ƙugunta kan tuna da ni duk lokacin da aka yi baƙi.

Wata safiya ina kwashe ganye daga ruwa sai na ga kansa ya ɓullo ta saman bulo. Kan jarka yake takawa idan zai yi mini magana, don Allah bai ba shi tsayi ba.

“Kwaɗuwa,” in ji shi. Sunan da ya laƙaba mini ke nan tun ina yarinya, saboda kullum ina jiƙe a bakin tanki. “Ƙanƙarata ba ta kamawa sai rana ta take. Zan sa a cire reshen nan.”

“Ka taɓa shi ka gani, Yaya.”

“Bishiyata ce.”

“Bishiyar Baba ce, inuwar kuma ta korena ce. Rana tsirara kashe ta take yi.”

Ya yi wata dariya ta hanci. “Ciyawa ce fa. Wace ciyawa ce ke gudun rana? Ba da ranar take ci ba?”

A nan na ajiye abin kwashe ganye na shiga yi masa karatu, don bakina ba ya iya ganin jahilci ya wuce. Na ce da haske take haɗa abincinta, gaskiya ne. Kowace ƙwaya tana da wani ɗan abu a cikinta mai cafke haske, da shi take fasa ruwa ta saki iska ta ƙera abinci. Amma abin nan lalacewa yake yi yana cikin aiki, ita kuma tana cire shi tana sa sabo, kullum cikin gyara take kamar mai facin taya. Muddin gyaran ya fi ɓarnar sauri, lafiya lau. Idan haske ya yi mata yawa sai ɓarna ta tsere wa gyara, abinci ya tsaya, hasken da ta kama ta rasa inda za ta kai shi ya juya ya ƙone koren jikinta. Wadda kuma ta tashi a inuwa ta fi kowa shan wuya, don ta saba buɗe kanta gaba ɗaya ta tari ɗan abin da ya faɗo.

Yana sauraro yana sakace haƙori. Da na gama ya ce, “Sannu malama. Ni dai ruwan kwata nake gani.”

“Ai kai ko me aka nuna maka kwata za ka gani.”

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, “Ku ji tsoron Allah, ko karyawa ban yi ba.”

Ya sauka daga jarkarsa. Na bi inda kansa ya ɓace da harara, na ce a raina mutum ya girma a gidan nan amma kansa kamar dutsen guga. Ina jin haushinsa, amma haushin da ake ji wa wanda bai sani ba, mai ɗan daɗi a ƙasansa. Na tabbata ko ruwan tanki ya daina bambancewa da na randa, tunda ya yar da bokiti ya kama harkar shago tun yana saurayi.

Aka kwana biyu bai sake tayar da zancen ba, har na ɗauka ya haƙura.

Sai ranar rabo ta zo. Duk lokacin da zan sa kifi su yi ƙwai, nakan ɗebi koren da ya yi kauri in rarraba shi a tankuna, in cika da sabon ruwa da ɗan taki, don ya hayayyafa kafin 'ya'yan kifi su buɗe baki. A ranar ruwan kan yi fayau, kana hango ƙasan tanki. Lokacin da ƙwayoyin suke da kauri junansu suke yi wa inuwa, na sama su kare na ƙasa, injin iska yana juya su kowa ya ɗan sha rana ya nutse. Ranar rabo kuwa kowace ƙwaya ita kaɗai ce, babu mai tsaya mata. Baba ko ƙofar gida ba ya leƙawa a irin ranar. Ni kuwa wani mai gona a bayan gari ya matsa mini in kai masa ƙananan kifinsa, ya ce tafkinsa a cike yake yana jira. Na tashi da sassafe na wanke tankuna, ruwan wankin ya bi rariya kore shar yana gudu kamar an yi ruwan sama. Na raba har da babban tankin da muke kira uwa, don ya tsufa yana neman sabuntawa. Na cika kwalbar ajiya na ɗora a kan katanga ƙarƙashin reshe inda take zama kullum, na kunna injin iska, na ce wa Inna kafin azahar na dawo.

Ban dawo ba sai bayan la'asar. Mai gonar ba ya nan da muka isa, motar kuma ta yi zafi a hanya muka tsaya jiran ta huce.

Tun daga ƙofa na san an yi mini ta'asa, don tsakar gidana ya yi wani haske da ban taɓa ganinsa da shi ba. Na ɗaga kai na ga sama fetal. Inda reshen yake sai wani farin dungu yana zubar da ƙaro. An yayyanka itacen an jera mini shi a gindin katanga tsaf-tsaf, wai ga rabona. Wayar injin iska, wadda a jikin reshen na ɗaure ta, tana reto a tsinke. Ruwa ya kwanta ɗif babu motsi.

Inna na zaune a bakin ƙofarta, zaninta jiƙe har gwiwa. Tsohuwar da sai da sanda take zuwa bayi, ita ce ta jawo zanin gadonta ta yi ƙoƙarin rufe tanki ɗaya, iska ta tura shi cikin ruwa.

“Kina fita mai zarto ya shigo,” in ji ta. “Na yi magana ta taga, ƙarar injin ta danne ni. Na kira wayarki ba ta shiga.”

Na tsoma hannu. Ruwan ɗumi kamar na wankan jariri, launinsa ya koma na shayin da aka yi wa rowar ganye. Kwalbar ajiya kuwa gilashinta ya tara mata rana, ta yi zafin da sai da na kama ta da gefen riga. Na yi gwajin Baba: na ɗebi ruwan a farar kwalba na ajiye a hasken da ba shi da ƙarfi, na tsuguna ina jiran ƙananan kumfan da kan manne a jikin gilashi idan kore na aiki. Na jira har ƙafata ta yi sanyi. Ko ɗaya bai fito ba.

Na ɗauki guntun itacen na maka wa katanga. “Yaya! Fito!”

Kansa ya ɓullo, yana taunar wani abu.

“Ka kashe mini kore.”

“Na sare reshena. Na gaya miki tun tuni.”

“Yau? Duk kwanakin duniya sai yau da na raba?”

“Yau mai zarto ya samu sarari. Ni na san wani rabo? Ki ƙara mata ruwa mana, ba ciyawa ba ce?”

Na zage shi zagin da ban san ina da shi a baki ba. Na ce masa daƙiƙi, na ce kansa ƙanƙara ce ta cika shi, na ce da Baba zai tashi ya ga abin da ya haifa da ya koma da gudu. Matarsa ta sa baki daga ciki, na haɗa da ita da ƙugunta. Inna na cewa ya isa, ya isa, har muryarta ta dushe. Shi ko a jikinsa. Ya gama taunarsa ya sauka.

Kafin magariba na nemo raga mai duhu na ɗaura a kan sanduna, na haɗa wayar injin. Ban rufe tankunan ruf ba, don ko gyaran da ƙwayoyin suke yi wa kansu sai da ɗan haske yake tafiya, duhu ƙirin ba ya warkar da su. Idan ɓarnar ba ta kai ga koren jikinsu ba, sukan farfaɗo a kwana ɗaya ko biyu. Na taɓa gani. Na fasa sa kifin ƙwai, na tare a bakin tankuna, ina gwajin kwalba safe da yamma kamar mai jinya. Shayin ya koma ruwan ɗorawa, ruwan ɗorawa ya koma fari-fari. Daga nan komai ya kwanta a ƙasa kamar dusa, ruwan da ke sama ya yi garau, wari ya fara tashi. Ranar da na ja toshiyar tankin uwa na zubar, na yi kuka, ba na ɓoyewa. Abin da Baba ya raya fiye da shekaruna, a hannuna ya ƙare saboda ƙanƙara.

Ina zaune a kan bokiti a kife Inna ta kira ni ɗakinta. Ta nuna taga da sandarta.

“Idona ba shi da kyau, amma kamar wani kore nake gani can.”

Na leƙa. A tsakar gidan Yaya, ƙarƙashin farantan sola, rariyar tana da wani ɗan lotsawa inda siminti ya zauna, ruwa kan taru ba ya wucewa. Ruwan wankin ranar rabo ne ya kwanta a ciki. Farantan sun yi masa rumfa, rana ba ta samunsa sai ta gefe da yamma. Gefen da take taɓawa ya yi fari, amma can ciki kore ne, koren da na sani.

Tun da aka ja katangar ban taka gidansa ba. Sai da na zagaya ta titi, da kwalba da ludayin roba a hannu, na tsaya a ƙofar gidan da aka haife ni a cikinsa na yi sallama kamar baƙuwa. Matarsa ce ta amsa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Yau kuma daƙiƙai aka zo gaidawa?”

“Ruwan rariya na zo ɗiba.”

“Kin yi sa'a. Ga maganin wanki can na sayo, yau nake shirin zuba masa.”

Na wuce ta na shiga. Yaya na tsakar gida yana sa ƙanƙara a buhu. Bai ce shigo ba, bai ce fita ba. Na rusuna na shiga ƙarƙashin ƙarafan, na durƙusa a kan simintinsa, gwiwata cikin laka. Ga gashin tsintsiya, ga ɓawon albasa, ga kumfar sabulu a gefe. Ko na samu, sai na sha wahalar tace ta daga tarkacen da suka haɗu da ita. Na kai ludayi saman ruwan.

“Ba ta sama ba,” in ji Yaya daga bayana. “Na sama sun sha rana. Ki kwantar da ludayin ki ɗebo daga tsakiya, kada ki tayar da laka. Kuma ki naɗe kwalbar da tsumma kafin ki fita titi.”

Ludayin ya tsaya a hannuna. Maganar Baba ce, har da yadda yake jan “tsakiya”. Na juyo a durƙushe na dube shi. Bai daina ɗaure buhunsa ba.

“Ashe ka tuna.”

“Me zan manta? Kina goye nake ɗaukar ruwan tankunan nan a kaina. Ni na haƙa ramin na uwa. Ni Baba ya fara koya wa gwajin kwalba, ke kina gefe kina cin ƙasa.” Ya ja igiya da haƙori ya tofar. “Da ya tashi, sai ya ce Kwaɗuwa ce mai hannun kore, ni in je in ji da shago.”

“To ka san ranar rabo.”

“Rariya ta cika da kore tun da asuba, ana jin ƙarar burushi har shago. Wa zai kasa sani?”

“Ka ce mai zarto ne ya samu sarari.”

“Tun wancan makon yake da sarari. Ni na ce ya jira.”

Ya faɗe ta ne yadda ake faɗin farashin ƙanƙara. Matarsa da ke riƙe da jarkar maganin wanki ta ajiye ta a hankali ta shige ɗaki. Ta tagar da ke bayansa na hango fuskar Inna, hannunta a kan baki.

Na nemi zagi a bakina na rasa. Duk wanda na tanada na daƙiƙi ne, kuma babu daƙiƙi a gidan. Da ya bar ni da jahilcinsa da na ci gaba da zaginsa har mu tsufa, in ji sanyi. Wannan kuwa ban san inda zan ajiye shi ba. Na juya na kwantar da ludayin na ɗebo daga tsakiya, ban tayar da laka ba, don yadda ya faɗa ɗin shi ne daidai. Na cire ɗankwalina na naɗe kwalbar, na fita.

Gansakukar ta tashi. Na sha fama da ita, ina tacewa ina rabawa a ƙananan kwalabe a ƙarƙashin raga, ina zubar da waɗanda suka yi zare ko wari, har ranar da na ga kumfa sun jeru a jikin gilashi. Ban yi murnar da na zaci zan yi ba. Na dai zuba ta a tankin uwa na koma na zauna.

Washegari na kira mai gini ya fasa mini sabuwar hanyar ruwa ta bayan gida. Da ya tafi na kwaɓa sauran simintin da kaina, na durƙusa a gindin katanga na fara cusa shi a ramin rariyar. Inna ta dogaro sandarta ta tsaya a kaina.

“Rariyar nan ce fa ta cece ki, 'yar nan. Ba don ta nan ruwan ya bi ba, da yanzu ba ki da komai.”

“Ita ce ta gaya masa, Inna.”

Ta cikin ramin ina hango ƙafafun Yaya a ɗaya ɓangaren, cikin silifas, ya tsaya cak yana fuskantar katanga. Na ɗebo siminti cike da hannu na danna, na shafe bakin da bayan ludayi har ya yi sumul.